Tash'i'i a buhun abincin dabbobi: me za mu ce da Hausa?

Mai shagon abincin dabbobi, Jidda: Assalamu alaikum. Abin nan da Larabawa ke kira tash'i'i, wato bi da abinci ta cikin wani haske mai ƙarfi don kashe ƙwayoyin cuta, mai tambari kore kamar tsiro cikin zobe, 'yan uwanmu masu kiwon kaji suna ta tambaya a kai. Mu ce "gashi", kamar wanda ake yi wa masu ciwon daji?

Likitar dabbobi, Makka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gashi zai rikita mutane, su zaci an dafa abincin, alhali zafinsa 'yan digiri kawai yake ƙaruwa. "Turarawa" ma kada a taɓa ta, wannan ta maganin ƙwari ce a rumbu.

Injiniya, Riyad: Gaskiyarki, Dakta. A duba aikin kansa. A ɗinke buhu yake shiga, bel ya zagaya da shi gaban sandunan kobal-60 (ƙarfe mai fitar da wannan haske) ko bakin na'urar lantarki, hasken ya ratsa leda da abinci ya fice, ya lalata ƙwayoyin cutar Salmonella. Hasken ba ya zama a ciki. Ana manna ma'auni waje da tsakiyar kaya, domin gefe ya fi tsakiya shan haske. A dokar Amurka abincin kaji daga kilogire 2 ne zuwa 25 (kilogire shi ne ma'aunin hasken da abinci ya sha), sauran abincin dabbobi kada ya haura 50. Ni dai "ratsawa da haske" na zaɓa.

Mai shago: "Haskawa" ba ta fi sauƙin faɗa ba?

Injiniya: Ranka ya daɗe, sai a ce hoton ƙirji aka ɗauki buhun.

Likita: Ratsawa ta zauna. Amma kada kowa ya ƙara mata "tsarkakewa", don alkawari ne da hasken ba zai cika ba. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta riga ta yi fumfuna, gubar aflatoksin tana nan daram. Buhu ya yage a sito, ɓera ya bi ta kai, an koma gidan jiya. Haske mai yawa kuma yana cinye bitamin A, yana ɓata kitse. Kyanwa ce ta fi jin jiki: a Ostareliya a 2008 kyanwoyi da dama ƙafafunsu na baya suka shanye bayan sun ci busasshen abincin da aka ratsa da haske mai yawa, a 2009 ƙasar ta hana yi wa abincin kyanwa. Gidan da ke da kare da kyanwa, a raba musu kwano, kada kyanwa ta ci abincin kare da aka ratsa.

Mai shago: To madalla. Zan rubuta a kan kanta: "An ratsa shi da haske don kashe ƙwayoyin cuta. A ajiye a rufe, a busasshen wuri."