Kulorin a ruwan sanyaya injin lantarki: wai wane ruwa ne mai tsafta?

Ɗan Kwandensa: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Da yawan masu rubuta dokar muhalli ba su taɓa leƙa cikin kwandensa ba, wato na'urar da ke sanyaya tururi a tashar lantarki. Tasharmu daga teku take jan ruwa, ya bi ta dubban siraran bututu ya sanyaya tururin da ya gama juya inji, sannan ya koma inda ya fito. In ba a sa kulorin ba, yauƙi zai lulluɓe cikin bututun, zafi ya daina wucewa yadda ya kamata, inji ya sha mai da yawa ya ba da wuta kaɗan. Ga kuma halittun nan masu ɓawo biyu da ke mannewa a hanyar ruwa har su toshe ta. Lasisinmu ya ce kada ragowar kulorin ta wuce miligiram 0.2 a lita a bakin fita, kuma kada a sake shi fiye da awa 2 a rana ga kowane inji. To don Allah awa 2 me za ta yi wa mai ɓawo? Da ya ji kulorin sai ya rufe ƙofa kamar wanda ya hango mai bin sa bashi, ya jira ka gama, ya buɗe ya ci gaba da harkarsa. Ka'idar awa 2 ɗin nan ba ta da kan gado, a bar mu mu riƙa sa ɗan kaɗan ba yankewa. Ana haka kuma wani sufeto ya rubuta mu don awo ɗaya ya ɗan haura, alhali wallahi ruwan da muke saki ya fi na famfon gidansa tsafta.

Uwar Kifi: Tsafta? Malam, tsafta fa ka ce?

Ɗan Kwandensa: Na ce, Hajiya, kuma zan sake faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda kulorin ya kai miligiram 5 a lita a ruwan sha. Mu 0.2 aka ba mu. Ki raba ki gani.

Uwar Kifi: Ai kai ta baki kake shan ruwa, ya sauka ciki. Kifi a ciki yake numfashi, dare da rana ruwan na bi ta fatar nan mai laushi da ke gefen kansa, kulorin kuwa ƙona ta yake yi. Duk mai kiwon kifin ado ya san ba a zuba musu ruwan famfo kai tsaye sai an kashe kulorin ɗin. Abin da ka kira tsafta shi ne ajalinsu.

Malamin Kimiyya: Akwai lamba a kan wannan. Ma'aunin da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ajiye don kare halittun ruwa na dogon lokaci shi ne miligiram 0.011 a lita a ruwan kogi da tafki, 0.0075 kuma a ruwan gishiri. Ke nan 0.2 ta ninka na ruwan gishirin fiye da sau 25. Sai dai a yi adalci, 0.2 a bakin bututu ake auna ta, waɗancan kuwa a cikin tekun ne bayan ruwan ya gauraya, kuma kulorin na saurin mutuwa in ya haɗu da datti da hasken rana.

Ɗan Kwandensa: Kun ji ko? Yana saurin mutuwa. Malam ya gama magana.

Uwar Kifi: Rabin maganarsa ka ɗauka ka bar rabi.

Tsohon Injiniya: Yarinya, tsafta a wajenmu na nufin babu ƙwayar cuta, babu gansakuka, babu yauƙi. Ruwan da ya fito daga kwandensa kuwa haka yake. Kafin a haife ki muke wannan aiki.

Uwar Kifi: Baba, da girmanka, amma ruwan da komai ya mutu a cikinsa matacce ne. In haka ne tsafta, to bilic ya fi kowane ruwa tsafta, a ba mu mu sha.

Mai Kallo: Kai! Ta ba shi wuta.

Tsohon Injiniya: Ba zan yi sa-in-sa da wadda ba ta san bambancin famfo da bawul ba.

Ɗan Lab: Ku bar batun famfo, kwatancen ma bai yi ba tun asali. Ruwan teku yana ɗauke da wani sinadari mai suna buromaid, kusan miligiram 65 a lita. Kana zuba kulorin, nan take yake juya buromaid ɗin ya zama sinadarin buromin, shi ne ke yin aikin kisan. Shi ya sa a tashoshin bakin teku abin da muke aunawa shi ne jimillar ragowar masu ƙonawa, ba kulorin zalla ba. Daga nan kuma ake samun buromofom da 'yan uwansa, wato sinadaran da ke fitowa in buromin ya haɗu da dattin ruwa, su kuwa ba sa fitowa a wannan awon sam. Mita na iya nuna sifili, su suna nan suna tafiya. Ruwan famfo bai da wannan yawan buromaid ɗin, don haka a daina haɗa su.

Ɗan Kwandensa: Ku 'yan lab ai ku kuka ja mana. Sai a kawo muku kwalba ku ɗiga magani ta yi ruwan hoda-hoda ku rubuta abin da kuka ga dama.

Ɗan Lab: A'a ɗan'uwa, kar ka ɗora mana. Ka'ida ita ce a auna cikin minti 15 da ɗiba, domin yana raguwa a kwalba. In an yi jinkiri lambar sauka take yi. Wato in ma akwai kuskure, ku yake taimaka wa. Wanda ya bar famfon zuba kulorin a buɗe ya tafi shan iska shi za a tambaya.

Ɗan Kwandensa: Wa ya tafi shan iska? Kana wurin?

Ɗan Lab: Ban kira suna ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Admin: A sassauta don Allah.

Mai Kallo: Ni dai na ga wani bidiyo, kifi birjik sun mutu a bakin ruwa, ga tasha a bayansu tana hayaƙi.

Tsohon Injiniya: A wace ƙasa? Wace shekara?

Mai Kallo: Turo min aka yi, Baba. Amma kifi ne, kuma matattu ne.

Malamin Kimiyya: Ko da bidiyon gaskiya ne, bai nuna kulorin ba. Tasha na kashe kifi ta hanyoyi da yawa. Manya na maƙalewa a ragar bakin shiga, ƙwai da 'ya'ya na wucewa ta cikin bututun su sha zafi da matsi, ruwan kuma yana fita da ɗumi, ruwa mai ɗumi kuwa iskar da ke cikinsa ba ta kai ta mai sanyi ba.

Uwar Kifi: Madalla. Ga ɗumi an ƙara a kan tsaftar.

Ɗan Sola: Duk wannan hayaniyar ta masu ƙona mai ce. Faifan sola ba ya shan kulorin, ba ya kashe kifi. Ku dawo hanya.

Tsohon Injiniya: In rana ta faɗi kuma mu kunna me? Bakinka?

Ɗan Sola: Batir, Baba. An ƙirƙiro shi, ko labari bai iso ba?

Baƙo Mai Wucewa: Ku yi haƙuri na shigo muku. Wannan lambobi na 0.2 da awa 2 su ne ke cikin dokar Amurka ta 1982 a kan tashoshin tururi masu ƙarfin megawat 25 zuwa sama. Ita dokar da kanta ta buɗe ƙofa: in tasha ta nuna wa hukuma hujjar cewa sai ta wuce awa 2 kafin ta shawo kan masu ɓawo, ana iya ba ta dama. Ga kuma sodiyom baisalfait da ake ɗigawa kafin bakin fita ya kashe ragowar, don ciki ya samu isasshe waje ya fita ƙasa da iyaka. Akwai masu sa kulorin na 'yan mintuna su tsaya su sake sawa, don mai ɓawo ya yi ta buɗewa yana rufewa har ya galabaita. Yauƙin kwandensa kuma ƙwallayen soso na kamfanin Taprogge na goge shi ba tare da sinadari ba. Ɗan'uwa ya duba lasisinsu, wataƙila takarda ce kawai ba a rubuta ba.

Ɗan Sola: Batir ɗin ma yanzu yana kai wa asuba.

Tsohon Injiniya: Wanda bai ga abin da masu ɓawo suka yi a Amurka ba shi ke wasa. A 1988 aka gano wani mai ɓawo mai zanen jakin dawa a tafkin St. Clair, jiragen ruwa suka kawo shi daga Turai a ruwan da suke ɗiba don daidaita nauyi. Shekara ta zagayo ya cika hanyar ruwan tashar lantarki ta Monroe a bakin tafkin Erie. Ranar da wuta ta ɗauke a asibiti, Hajiya ta je ta kira kifi su kunna mata.

Uwar Kifi: Baba, ban ce kada a sa kulorin ba. Cewa na yi kada a kira shi tsafta. Ɗanka ya janye kalmar mu wuce wurin.

Ɗan Kwandensa: Ba zan janye ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Ki zo bakin fita ki gani, garai-garai yake kamar a sha.

Uwar Kifi: To ka sha mana, ka turo hoto.

Ɗan Lab: Ruwan gishiri ne fa, kar a kashe mana mutum kafin ya biya tarar.

Admin: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da aka cimma. An tabbatar da cewa kulorin wajibi ne, kamar yadda Baba Injiniya ya kawo hujja daga tarihi, Allah ya ƙara girma. An tabbatar yana saurin mutuwa a teku, Malamin Kimiyya da kansa ya faɗa. Lambar Hukumar Lafiya ta Duniya kuma babu wanda ya ƙaryata ta, ke nan ruwan da ya bi ka'ida za a iya ce masa mai tsafta. Bidiyon kifi ba shi da asali, an yi watsi da shi. Maganar buromofom ta yi zurfi, a kai ta wani zauren. Mu da muka yi shekaru muna aikin dare a gaban inji mun san irin wahalar da ɗan'uwanmu yake sha. Hajiya kuma ana roƙonta ta riƙa tauna magana in tana amsa wa manya, wannan gargaɗi na farko ne.