Musayar Waƙa: Nauyin da ke Kan Shugaban Makaranta

Shugabar wata makarantar sakandare:

Assalamu alaikum. Shekara bakwai ke nan ina riƙe da makaranta, kuma jiya da na zo kulle ofis na tuna cewa tun da aka shiga wannan zangon ban zauna a bayan aji ko sau ɗaya na saurari darasin wani malami ba. Na buɗe musayar da amsa-amon "ba", ina roƙon mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe baitina,
A kan wani nauyin da ba a auna ba.

Nakan riga mai kaɗa ƙararrawa zuwa,
Rana takan faɗi ban bar kujera ba.

Takardun jiya suna jiran sa hannu,
Na yau sun iso, ban gama da na jiya ba.

Uba yana ƙofa da ƙorafin ɗansa,
Malami yana ciki, bai ga albashi ba.

Yarinya ta suma a layin safe,
Na ruga da ita, ban ko karya ba.

An naɗa ni ne don in tsare karatu,
Zango ya raba, ban leƙa aji ba.

Tsohon shugaban makaranta, mai ritaya:

'Yata, na ji kukanki, na san ciwon,
Ba wani ne ya ba ni labarinsa ba.

Shekara ashirin makullai na aljihuna,
Ban yarda wani ya riƙe ko ɗaya ba.

Ranar da hawan jini ya kayar da ni,
Makarantar ba ta fasa buɗewa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
Ki raba aikin, ba za ki ragu ba.

Mataimakin shugaba a wata makaranta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shawararka gaskiya ce, sai dai matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Binciken TALIS, wato binciken ƙasa da ƙasa kan malamai da shugabannin makarantu, wanda OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe don bunƙasa tattalin arziki, ta gudanar a 2018, ya nuna cewa, a matsakaicin ƙasashenta, shugabannin ƙananan makarantun sakandare suna ƙarar da kusan kashi 30 cikin 100 na lokacinsu a aikin ofis da tarurruka, alhali manhaja da koyarwa kashi 16 kawai suke samu.

In ta raba, Baba, wa za ta miƙa wa?
Ni mataimaki ban ajiye alli ba.

Ina koyarwa, ina tsara jadawali,
Rajistar jarrabawa ba ta bar ni ba.

Ofisoshi uku na neman rahoto ɗaya,
Kowa da fom nasa, ba su haɗa kai ba.

A ba mu akawu ya riƙe fayil-fayil,
Da ma'aji, don lissafi ba wasa ba.

A horar da mutum kafin a naɗa shi,
Iya koyarwa bai zama iya mulki ba.

Malama mai ba ɗalibai shawara:

Yaya, abin da ya fi damuna a baitocinki shi ne ba ki ambaci wanda kike kai wa kukanki ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi saboda aiki a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, alamominsa kuma uku ne: ƙarewar kuzari, janyewar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. A Ostareliya, inda ake bin lafiyar shugabannin makarantu da bincike duk shekara tun 2011, yawan aiki da rashin lokacin kula da koyarwa su ne kan gaba a abubuwan da ke damunsu.

Kowa da kukansa ofishinki yake kai shi,
Naki kukan ba ki sami mai ji ba.

Ana yaba miki, ana cewa jaruma,
Yabo bai taɓa rage tarin takarda ba.

Ki nemi takwara a wata makaranta,
Wadda ba sai kin yi mata bayani ba.

Sufeto in ya zo, ya zo da taimako,
Kada ya tafi bai tambayi lafiyarki ba.

Hutunki haƙƙi ne, ki kashe wayar,
Iyalinki ma ba su ƙoshi da ke ba.

Shugabar makarantar:

Na gode, Baba, na gode ƙannena,
Ban zaci za ku amsa da sauri haka ba.

Makullin sito na ba mataimakiyata,
Ta karɓa, ba ta ko yi gardama ba.

Na rubuta wa hukuma neman akawu,
Zan sake rubutawa in ba su amsa ba.

Litinin da safe ina aji ɗaya, a baya,
In ji karatun yaran da ban sani ba.