Musayar waƙa: tafiyar Caleb Williams, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, daga Jami'ar Oklahoma (da ke garin Norman) zuwa USC (Jami'ar Kudancin California, wadda ake kiran ƴan wasanta Trojans)

Ɗan Norman:
Koci Riley ya tattara ya koma USC,
Caleb ya bi shi, ko waige bai mana ba,
Yaron da ya shigo ya juya wasan Texas,
55 da 48, wallahi ba mu manta ba.

Ƴar Trojan:
Yaya Ɗan Norman share hawayenka,
Mayfield daga Texas Tech kuka samo,
Kyler daga A&M, Hurts daga Alabama,
Ku ma ai ƴaƴan wasu kuka kwaso.

Baban Ummi:
Kai! Allah ya ƙara basira ƙanwata, wannan ta shiga har ƙashi.

Ɗan Norman:
Baban Ummi dama kai tuntuni ɓangarenta kake.
Hurts a benci yake can Alabama,
Tua ne ya ƙwace masa wuri,
Caleb namu shi ke riƙe da ragama,
Ya tafi ya bar mu babu ko shiri.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Baitin farko ɗango na huɗu ya gurgunce, lamba ba ta hawa kari, kuma ke Ƴar Trojan "samo" da "kwaso" ba amsa-amo ba ne, wasali kawai kika dace.

Ƴar Trojan:
Malam da girmanka, kunne ke auna waƙa ba ruwanmu da allo.
Ragamar nan a hannun wa ya karɓa?
Rattler kuka yi wa ihu a filinku,
Ya tsallake South Carolina da takaici,
Yau da aka bar ku sai ya zama zafinku.

Auta:
yanzu na shigo, wai har yau maganar 2022 ake? ku bar yaro ya ci Heisman ɗinsa mana, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ku ƴan Oklahoma kuma shekarar wasa 6 kuka ci aka ci ku 7

Ɗan Norman:
Auta yi shiru manya na magana.
Heisman a hannu, tsaro babu kowa,
Utah ta lallasa ku har sau biyu,
Tulane ta zo Cotton Bowl ta gama da kowa,
46 da 45, ku amsa in kuna biyu.

Malam Mai Aruli:
Kowa da kowa, biyu da biyu, maimaici ne wannan ba ƙafiya ba! Kuma ka sake cusa lamba.

Baban Ummi:
Malam to kai jefo naka baitin mu gani, tun ɗazu gyara kawai kake.

Ɗan Norman:
Ku bar Malam, Ƴar Trojan nake jira kan maganar Tulane.