Neman shawara: Amurka, Ingila ko Saudiyya?

Assalamu alaikum 'yan uwa likitoci. Na kammala shekarar horo ta farko a asibiti, ina da mata da ɗa, iyayena kuma da ni suka dogara. Ina son fita neman ƙwarewa amma kaina ya ɗaure. Wasu sun ce Amurka ce wurin kuɗi, wasu sun ce Ingila ta fi sauƙin shiga. Don Allah magabata, ku haska mini.

Wani likita mai karɓar horo a Amurka: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne ƙwararren likita a nan ya fi na Ingila samu nesa ba kusa ba, sai dai kafin a kai can akwai jan aiki. Za ka ci jarabawar USMLE ta samun lasisin likita a Amurka, ka samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, sannan ka nemi gurbin horo, wanda ba kowa ke dacewa a karon farko ba. Horon shekara 3 zuwa 7 ne, gwargwadon fanni. Aikin awa 80 a mako da aka ƙayyade a 2003, rage wahala aka yi da ita, to ka auna yadda abin yake a da. Albashin mai karɓar horo kusan dala dubu 60 zuwa 70 ne a shekara, haya da kuɗin renon yaro su lashe rabi. Ka dawo ɗanka ya yi barci, ka fita bai farka ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Wata likita a Ingila: Dakta, mu nan PLAB ce, jarabawar likitocin da suka yi karatu a waje, da jarabawar Turanci, sai rajista da GMC, hukumar likitoci ta Birtaniya. Aiki awa 48 ne a mako a matsakaici, za ka ga iyalinka. Amma ai ka ji likitoci sun shiga yajin aiki tun Maris 2023 a kan albashi. Gurbin horo ma ya yi wuyar samu yanzu, wani da lasisi a hannu yake zaman jira.

Wani dattijo a Saudiyya: Ɗana, nan ba a cire haraji a albashi, amma wanda ya riga ya ƙware ne ke cin moriyar. In ka zo da digirin farko kaɗai, za ka daɗe a mataki ɗaya. Ƙware tukuna. Kuma ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafin shekarun tare, don ita za ta riƙe gidan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayata ta Ingila, a can shekarar horon da na yi za ta shiga lissafi, ko daga farko zan soma?