Neman shawara: da me zan raba kejin zomayena biyu da suka fara faɗa?

Mai neman shawara, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina cikin damuwa game da zomayena maza guda biyu, kuma ina roƙon duk wanda Allah ya ba sani ya taimake ni kafin abin ya kai ga asara. Asalin kiwon na yayana ne, shi ya sayo uwarsu a kasuwar Gujungu, ya sa aka haɗa masa keji na katako mai ƙafa huɗu da rufin kwano, aka ajiye a gindin mainar da ke tsakar gidanmu. Da aka gama aikin kaka sai ya tafi ci-rani Legas ya bar mini amanarsu, ya kuma ce farin da ke cikinsu na ɗansa ne, wanda yake hannun mahaifiyarmu tun rasuwar uwarsa, don haka yaron ya shaƙu da shi ƙwarai, shi yake tsinko masa yaɗiya da ganyen dankali idan ya taso daga makarantar allo. Sauran 'ya'yan mun sayar mun yi hidimar gida da kuɗin, muka bar waɗannan biyun, fari da baƙi, saboda haihuwarsu ɗaya, tare suke ci, tare suke kwana, ban taɓa ganin ɗaya ya harari ɗaya ba.

Yanzu sun kai kimanin wata biyar. A makon jiya na tashi da asuba na tarar da gashi a warwatse a ƙasan kejin, kunnen farin ya tsage daga tsakiya, jini ya bushe a bakin kwanon dusarsu, shi kuma ya maƙure a lungu yana haki. Na cire shi na kife shi da kwando a zaure na ɗora dutse, amma akwai muzurun da ke kewaya gidan da daddare, kuma Inna ta ce zaure ba wurin kiwo ba ne. Ba ni da halin yin sabon keji a yanzu, don haka nake so in raba wannan ɗin gida biyu. Abin da ke hannuna shi ne guntun filawud da ya rage daga wata tsohuwar ƙofa mai shuɗin fenti, da ragowar wayar kaji, da fallen tsohon kwano, da zana, sai tsohon gidan sauro. Wanne ne ba zai cutar da su ba idan suka gwigwiya?

Alhaji mai kiwo, Wudil:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na daɗe a cikin kiwon zomo tun kafin ya zama abin yayi, don haka ka saurare ni da kyau. Abin da ya same ka ba baƙon abu ba ne, domin namijin zomo yana balaga tsakanin wata huɗu zuwa shida, kuma daga ranar da ya balaga ba ya sanin ɗan'uwa. Ka gode wa Allah da ya tsaya a kunne, don abin da suka fi nema shi ne marainan juna. Kwanon nan shi ne maganinka, ka yanke shi daidai faɗin kejin, ka lanƙwashe bakinsa ciki da guduma, ka kafe shi da ƙusa daga ƙasa har rufi. Haƙori ba ya kama shi, fitsari ba ya jiƙa shi, kuma ba za su ga juna ba, wanda shi ne babban abin da ake buƙata, tunda muddin suna haɗa ido ba mai cin abinci cikin natsuwa. Ni da kwano na raba dukkan kejina, kuma ban taɓa rasa zomo saboda shi ba.

Hajiya mai kaji, Kazaure:

Yaro, ni abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne katako, kowane iri ne, sai ka san abin da aka shafa masa. Bara na ba wani kafinta aikin keji, na biya shi kuɗinsa cif ban rage masa ko sisi ba, ashe ya shafe katakon da baƙin mai wai don maganin gara, bai kuma gaya mini ba. Zomayen suka yi ta gwigwiyar ginshiƙan, suka daina cin abinci, uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ciki har da mai ciki. Da na je masa da maganar sai ya ce haka yake yi wa kowa, kuma har yau bai ce mini sannu ba. Tun daga lokacin na koma ga karan dawa da zana, abin da iyayenmu suka sani, domin ko sun ci, ciyawa suka ci. Ka tsara kara ka ɗaure da kaba, idan ya lalace ka sake wani, ba kuɗi ba ne.

Alhaji mai kiwo, Wudil:

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, amma kara abinci ne ga zomo, ba shinge ba. Kafin gari ya waye sun huda shi sun haɗu, a lokacin da yaron nan yake barci.

Ɗalibin kiwon dabbobi, Dambatta:

Ina neman afuwar Baba Alhaji da Hajiya, zan ɗan faɗi abin da muka koya, ba don na fi su sani ba. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a kowane mako, shi ya sa dole ya gwigwiyi duk abin da bakinsa ya kama. Sannan zomo ba ya iya amai, don haka abin da ya haɗiye sai dai ya wuce ko ya toshe masa hanji. Wannan ya fitar da gidan sauro tun daga farko, saboda zarensa na roba ne, kuma irin wanda ake rabawa an jiƙa shi da maganin kashe sauro. Filawud ma ban yarda da shi ba, domin siraran falle ne da aka manne da gam mai sinadari, ga kuma tsohon fenti wanda ana iya samun dalma a cikinsa, ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a shekarar 2010, ballantana dabbar da nauyinta bai wuce kilo biyu ba. Wayar kaji kuwa siririya ce, zomo yana iya tsinka ta, tsinin ya yanke masa leɓe, kuma idanunta suna da faɗin da zai zura baki ya kama hancin ɗan'uwansa.

Game da kwano, gaskiya ne haƙori ba ya kama shi, amma damuwata zafi ce. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa da numfashi yake fitar da zafin jiki, yana fara wahala da zarar zafi ya haura digiri 30, alhali a nan yankinmu a watan Afrilu da Mayu yana wuce 40. Keji mai rufin kwano, a ƙara masa bangon kwano a tsakiya wanda zai tare iska, zai iya kashe su da rana tsaka ba tare da faɗa ba. Abin da na fi amincewa da shi shi ne ragar waya mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ido rabin inci, a kafa ta falle biyu a bar tazarar kamar yatsa biyu a tsakaninsu, yadda iska za ta wuce amma baki ba zai kai ga baki ba. A lanƙwashe duk wani tsini waje, a rufe firam ɗin katakon da ragar yadda ba za su kai gare shi ba. Ana samunta a Ƙofar Ruwa a Kano. Amma ƙanena, ba ka gaya mana tsawon kejin da faɗinsa ba, kuma ba ka ce komai a kan inda uwarsu take ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Malam, game da filawud ɗin, fentin ya daɗe sosai, ya sha rana da ruwan sama har ya koɗe, don haka ina ganin ƙarfinsa ya riga ya fita. Kuma kejin kansa ai na katako ne, sun daɗe suna ɗan gwigwiyarsa ba abin da ya same su. Zuwa Kano saboda guntuwar raga, kuɗin motar kaɗai zai fi abin da zan saya. Kejin yana cikin inuwar maina, rana ba ta dukansa sai da yamma. Uwarsu kuma tana cikin nata ɗan akwatin da ke manne da nasu.

Alhaji mai kiwo, Wudil:

To ka ji inda gizo ke saƙar. Mace tana manne da su suna jin warinta dare da rana, ka ce ba za su yi faɗa ba? Wannan ya ƙara tabbatar da maganata, bango ake buƙata wanda ido ba ya ratsawa. Ni ina girmama karatu, kuma na san a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ana aiki a kan zomo, amma abin da ke cikin littafi daban, abin da talaka zai iya a tsakar gidansa daban. Raga mai falle biyun nan na gwada ta, tsakanin falle da falle gashi da kashi da ɓarɓashin harawa suke taruwa, tsintsiya ba ta shiga, sai ƙuda da wari, kuma mazan suna wuni suna kai da kawo a jikinta suna fesa wa juna fitsari har su rame. Ga shi yanzu ragar kirki ta yi wuya, wadda ake sayarwa damina ɗaya take tsatsa, na sayi wata a kan ta waje ce, da hannu nake karya ta. Ka sa kwano, ɗana, ka shimfiɗa zana a kan rufin, ka riƙa yayyafa mata ruwa da azahar, magana ta ƙare.

Wani manomi, Gumel:

Ni a ganina duk wannan wahala ce. Namiji ɗaya ya ishi mata da dama, kuma bai kamata ɗa ya hau uwarsa ba idan ana son iri mai ƙarfi. Ka kai baƙin zomon kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka musanya shi da mace daga wani gida. Ni maƙwabcina ya ƙi jin wannan shawarar, ya tara maza, kullum sai sun ɓalle sun shigo mini cikin zogale.

Hajiya mai kaji, Kazaure:

Ni dai ban ga wanda ya tambayi lafiyar kunnen nan ba. Ka wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka shafa masa jibi, shuɗin maganin nan na ciwo, ka kula kada ƙuda ya yi masa ƙwai ya zama tsutsa. Kuma Alhaji, tsohon kwano mai tsatsa yana da baki kamar wuƙa, na ga yadda ya tsarge ƙafar ɗan akuyata.

Mai neman shawara:

Hajiya, ina wanke kunnen, ya fara kamewa. Baba na Gumel, ba zan iya sayar da ko ɗaya ba tare da izinin yayana ba, wayarsa kuma ba ta shiga a kwanakin nan, kuma baƙin shi ne ya fi girma da kyan jiki. Baba Alhaji, kwanon da nake da shi ya ci tsatsa a gefe guda, Inna kuma ta ce za a toshe rufin ɗakin girki da shi kafin damina. Shi ya sa na riga na auna filawud ɗin na yanke shi ɗazu da yamma, tunda farin ba zai ƙara kwana a zaure ba. Tunanina shi ne in kankare fentin da wuƙa, in lulluɓe shi da wayar kajin ta fuska biyu, in huda ramuka a samansa saboda iska. Ina ganin hakan ya haɗa shawarar kowa.

Alhaji mai kiwo, Wudil:

Bai haɗa tawa ba. Fitsari zai jiƙa ƙasan filawud ɗin ya kumbura ya ɓare falle-falle, su kuma su ja shi ta cikin idon wayar. Kwanon ɗakin girki ana iya samun wani kafin ruwa ya sauka, zomon marayan nan kuwa idan ya mutu ba ka da abin da za ka gaya masa.

Ɗalibin kiwon dabbobi, Dambatta:

Ƙanena, daɗewar fenti ba ta kashe dalma, tana nan a cikin ɓawon da ƙurar, kuma idan za ka kankare shi kada ka yi a tsakar gida inda yara da kaji suke. Gam ɗin da ke cikin filawud ɗin kuma wuƙa ba ta kai gare shi. Ka tambayi masu walda na cikin garin Ringim, sau da yawa suna da guntayen ragar da ta rage daga aikin tagogi. Ka kuma matsar da akwatin uwar zuwa wani ɓangaren gidan tun yau, domin idan ɗaya ya ɓalle ya same ta, cikin kimanin kwana 31 za ka sami wasu 'ya'yan da ba ka da wurin sa su. Har yanzu ina jiran awon kejin, saboda idan rabinsa ba zai ishi zomo ya miƙe jikinsa ya yi tsalle biyu ko uku ba, ga kwanon ruwa ga na dusa, to ko da me ka raba shi bai isa ba. Kamu nawa ne tsawonsa, kamu nawa ne faɗinsa?