Wane suna za mu ba gizo-gizon dangin Hahniidae?

Malamin ilimin halittu: Assalamu alaikum. Ina neman sunan Hausa ga dangin Hahniidae, wanda masanin dabbobi Bertkau ya ware a 1878. Ƙanana ne, yawancinsu kusan milimita 2, suna saƙa siririyar yana a shimfiɗe dab da ƙasa, cikin busasshen ganye da gansakuka. Na yi tunanin "wadan gizo mai shimfiɗa".

Mai tattara samfuri: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan da daɗin faɗa, amma zai rikita ɗalibai. Dangin Linyphiidae, masu nau'i fiye da 4,000, su ma ƙanana ne, su ma shimfiɗa suke saƙawa. Wanda ya dogara da girma da yana zai cakuɗa su ne kawai.

Malamar dabbobi: Gaskiyarka. Abin da ya raba Hahniidae yana ƙarshen ciki. A sa samfurin cikin itanol kashi 70 cikin ɗari, a kwantar da shi rigingine ƙarƙashin madubin ƙara girma. Bututun zare shida za a gani a jere layi ɗaya daga gefe zuwa gefe, na bakin layin sun fi tsawo. A yawancin sauran gizo-gizo a dunƙule suke. Sannan ƙofar numfashi ta matso gaba wajen tsakiyar ciki, ba ta manne da bututun ba. In samfurin ya bushe ciki zai yamutse, jerin ya ɓace, shi ya sa ba a barinsa a iska. Ni "gizo mai jerin bututu" nake so.

Malamin ilimin halittu: Malama, bututu bai yi kauri ba ga abin da ido ba ya gani?

Malamar dabbobi: Aikinsa ke nan, Malam, ta nan zaren ke fita. Kuma sunan zai raba su da dangin Agelenidae, inda aka taɓa sa su a da. Waɗancan yanarsu na da mazurarin ɓuya, ta Hahniidae babu, har ba a ganinta sai raɓa ta sauka.

Mai tattara samfuri: Na yarda. Jinsunan Hahnia, Antistea da Neoantistea duk sun shiga dangin. Jinsin Cicurina kuwa a bar shi waje: an shigo da shi dangin a 2017, daga baya aka fitar da shi.

Malamin ilimin halittu: Madalla. "Gizo mai jerin bututu" zan rubuta, da Hahniidae a gefensa a ambato na farko.