Da wace tsohuwar furosesa zan fara?

Aminu: Assalamu alaikum. Ina kwance wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar, sai na ciro furosesarta, wato ƙwayar da ke yin lissafin kwamfuta, 486DX2-66. Jikinta tangaran ne, ƙasanta kuwa ƙafafu ne na ruwan zinare jere reras. Na daɗe ina jujjuya ta a hannu, tun daga ranar abin ya shiga raina. Ina son in fara tarawa, sai dai aljihuna ba nauyi. Na leƙa farashin Intel 4004 a kasuwar gwanjo ta intanet, ban san lokacin da na rufe shafin ba. Manyanmu, da me zan fara?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Barka da zuwa, Aminu. Ai ka riga ka fara, kuma da abu mai kyau. Ka bar 4004 tukuna. Tsadarta tana da dalili: ita ce furosesar farko da aka fitar kasuwa a ƙwaya guda, a watan Nuwamba na 1971, da taransista 2,300 da ƙafafu 16, an yi ta ne don kalkuletar kamfanin Busicom na Japan. Kowa na son ta, har waɗanda ba sa tara komai. Ita ma kala uku ce, kuma harafin farko ne ke gaya maka: C farar tangaran mai murfin zinare, D tangaran mai duhu, P baƙar roba. Cikinsu duk ɗaya ne, amma tsakanin farashin C da na P akwai tafiya mai nisa. A wannan harka sau da yawa riga ake saye.

Shawarata guda ce: ka zaɓi layi ɗaya ka bi. Shekaruna na farko duk abin da na gani sai na saya, na tara akwati guda na ƙwayoyin da babu abin da ya haɗa su. Kuɗin da na zuba a nan ya fi na duk wata mai tsada da na saya daga baya.

Zainab: Na goyi bayan Malam. Ni layin da na bi shi ne Socket 7, kuma shi nake ba duk sabon shiga shawara. Soket ɗaya ne, wato gurbin da ake zaunar da furosesa a ciki, mai ramuka 321, amma kamfanoni da yawa sun yi masa furosesa a shekarun 1990: Pentium ta Intel, K5 da K6 na AMD, 6x86 ta Cyrix, WinChip ta IDT, da mP6 ta Rise. Ka jera su a tire ɗaya, ka ga zamanin da ake kokawa ta gaske a kan kujera guda. Yawancinsu ba su da tsada don an buga su da yawa. Rise ce kaɗai za ta ba ka wahalar nema.

Abin da ya fi burge ni shi ne Cyrix. Ba su da masana'anta tasu, IBM da SGS-Thomson ne ke ƙera musu, saboda haka za ka samu ƙwaya iri ɗaya da sunaye uku a goshi. Sannan lambar da ke jiki ba gudunta ba ce. Wadda aka rubuta wa PR166+ a kan megahaz 133 take tafiya, suna nufin tana yin aikin Pentium 166. Na sha ganin masu sayarwa sun rubuta 166 a talla ba da niyyar cuta ba, su ma ba su sani ba.

Nura: Ni kuwa masu aibi nake tarawa, don su ne masu labari. Ka nemi Pentium 60 ko 66 ta farkon fita, ta 1993. A 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano tana kuskure wajen raba wasu lambobi. Da farko Intel ta ce sai wanda ya nuna aikinsa na bukatar daidaito sosai za a canza masa, mutane suka yi caa, a watan Disamba ta amince ta canza wa kowa. Abin ya ci mata dala miliyan 475. In ka samu mai aibin ka kunna ta, ka raba 4195835 da 3145727. Amsar gaskiya tana farawa da 1.33382, ita kuwa za ta ba ka 1.33373. Ranar da na ga wannan amsa a allona da idona, tsigar jikina ta tashi.

Akwai kuma 386 ta farko, wadda wasunta ke kuskuren ninka lambobi masu bit 32. Intel ta gwada su, masu lafiya ta buga musu alamar sigma biyu, marasa lafiya ta rubuta musu cewa manhajar bit 16 kaɗai za su yi. Duka biyun abin ajiyewa ne.

Aminu: Yaya Nura, to yaya zan gane mai aibin tun kafin in biya, tunda ba zan iya kunnawa ba?

Nura: Akwai 'yar lamba a jikinta da ke farawa da S, ita ke nuna zubin da aka yi ta. Masu tarawa sun jera waɗanda ke da aibin. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton sama da ƙasa inda rubutun ya fito sarai. In ya ƙi, ka wuce.

Injiniya Sadiq: Ku yi haƙuri in kawo maganar da ba a so. Duk kuna lissafin kuɗin ƙwaya, alhali ƙwayar ita ce mai araha. Pentium 60 da Nura ke yabo ba ta shiga ko'ina sai Socket 4, kuma madabod mai wannan soket ɗin, wato babban faifan da ake haɗa kayan kwamfuta a kai, ya fi ta wuyar samu, sau da yawa ya fi ta tsada. Ka same shi, sai ka nemi rumbun ajiya na zamaninsa, da katin hoto, da akwatin wuta irin na AT. Madabod na 386 da 486 kuwa yawancinsu suna da batir mai kamar 'yar ganga da aka liƙa da dalma. Yana yoyo, ya cinye layukan tagullar da ke kusa da shi. Duk wanda ka saya, abu na farko ka yanke batirin nan, ka goge wurin da ruwan kal, sannan da sifirit. Ka ƙara kuɗin aikowa, wanda kan zarce kuɗin ƙwaya ɗaya mai araha, shi ya sa gara ka sayi biyar a ƙunshi ɗaya.

Duk da haka ni ban yarda da furosesar da ba ta aiki ba. An yi ta ne don ta yi lissafi.

Malam Garba: A nan muka rabu, Injiniya. Ina da Intel 8080 farar tangaran, kuma ba zan sa mata wuta ba. Wuta iri uku take ci, bolt +5 da -5 da +12, in aka yi kuskuren jerinsu tana iya mutuwa nan take. Wa zai mayar mini? Wanda ke son ya ga lissafi ya nemi Z80, wadda Federico Faggin da mutanensa suka fitar a 1976 bayan ya bar Intel. Bolt 5 kaɗai take so, tana gudanar da manhajar 8080, kuma sai a 2024 kamfanin da ke ƙera ta, Zilog, ya sanar da daina yin ta, don haka tana nan birjik.

Injiniya Sadiq: Na karɓa a kan 8080, Malam. Amma 486 ɗin Aminu ba ta da wannan uzurin.

Bashir: Ƙanina, ka kula da jabu, ni an taɓa yi mini. Na sayi wata da aka ce tsohuwar 6502 ce. Da ta iso sai na ga fuskarta ta yi baƙi ƙirin, sumul, rubutun fari tas kamar jiya aka buga. Na ɗiga ruwan goge jan farce a auduga na shafa, audugar ta koma baƙa, wani rubutun daban ya bayyana a ƙasa. Gogewa suke yi su shafa fenti su sake bugawa. Ka riƙa duba lambar kwanan wata: lambobi huɗu ne, shekara da mako, wasu kamfanonin kuma mako suke sa wa a gaba. In tambarin kamfani bai dace da shekarar ba, akwai magana.

Ita 6502 ta cancanci nema. A 1975 aka fitar da ita a dala 25, lokacin da 8080 ta fito a dala 360 shekara ɗaya kafin nan. Wannan arahar ce ta kai ta cikin kwamfutocin Apple II da Commodore PET. Ta roba ba ta da tsada har yau. Farar tangaran ta 1975 da farkon 1976, wadda wani umarni mai suna ROR bai yi aiki a cikinta ba, ita ce masu gyara Apple I ke rububi a kai, kuma ita aka fi yi wa jabu.

Hajiya Asabe: Abin da ke ci mini rai a harkar nan masu narkar da zinare ne. Pentium Pro ta 1995, mai faffaɗan murfin zinare da ƙwaya biyu a gida ɗaya, ita suka fi farauta. An yaɗa cewa akwai giram guda na zinare a cikinta, alhali waɗanda suka narka sun ce bai kai haka ba ko kusa. Amma jita-jitar ta riga ta ɗaga farashi, kuma duk wadda aka fasa aka jefa a asid ta tafi ke nan. Saboda haka, Aminu, ka sani farashin duk wata mai tangaran da zinare yana bin farashin zinare, ko da ba ta da wuyar samu. In ka ga ana sayar da su a kilo a matsayin shara, ka duba da kyau, a nan na tsinci NexGen Nx586 ɗina, ƙafa uku kawai suka lanƙwashe.

Ga mai son abu na daban kuma, akwai kwafin da aka yi a bayan labulen ƙarfe, wato a ƙasashen kwaminisanci na Gabashin Turai. Tarayyar Sobiyet ta yi KR580VM80A, kwafin 8080, da rubutunsu na Rashanci a jiki. Jamus ta Gabas ta yi U880, kwafin Z80. Ka ajiye kowace kusa da uwarta.

Zainab: Hajiya ta tuna mini da 487SX. An sayar da ita a matsayin mataimakiyar lissafi ga 486SX, amma a gaskiya cikakkiyar 486DX ce da aka ƙara wa ƙafa. Kana sa ta, sai ta kashe ta farkon ta karɓi aikin gaba ɗaya. Tunda da 486 ka fara, Aminu, wannan ma layi ne: SX, DX, DX2, DX4, 487, sannan na AMD da Cyrix.

Aminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Layin 486 zan bi, kamar yadda Anti Zainab ta ce, in na cika shi in shiga Socket 7. Tambaya ta ƙarshe: tawa tana da ƙafa biyu da suka karkace a gefe, kuma a cikin auduga na naɗe ta.

Hajiya Asabe: Fitar da ita daga audugar yau ɗin nan, zarenta na maƙalewa a ƙafafu. Ka samu fensir mai bakin ƙarfe, ka zare gawayin, ka zura ƙafar cikin bakin ka miƙe ta a hankali, sau ɗaya. In ka yi ta kai da kawowa za ta karye daga tushe. Kafin ka taɓa ta ka dafa wani ƙarfe don lantarkin jikinka ya sauka, ka riƙe ta ta gefe. Sannan ka sa ta a tire ko leda mai hana lantarki, a wuri busasshe.

Malam Garba: Kuma in an aiko maka da wata a cake cikin tsohon baƙin soso, ka cire ta nan da nan. Soson yana ruɓewa da shekaru ya ci ƙafafun, haka na rasa 8086 guda biyu. Ka turo mana hoton ƙasanta in ka gama miƙewa.